Barka da Dawowa, Orest

Ranar Laraba Orest Pawluk ya tsaya a tsakiyar ofis da kofin kofi a hannu, ya yi gyaran murya, ya ce shi fa ba ya son dogon jawabi a walimar ritayarsa ta ranar Juma'a.

"Kek kam ku kawo," in ji shi. "Amma maimakon shugabanmu Verne ya tashi ya yi ta shirga ƙarya a kaina, ga abin da nake so. A ɗauko sabuwar kwamfutar nan da aka sayo, a jona ta da babban allo, in girka Pickerel a kanta tun daga farko har ƙarshe a gabanku. Ku ga yadda ake aiki kafin in tafi."

Divina, wadda ita ce za ta gaji kujerarsa, ta ƙware da shayinta har sai da aka bubbuga mata baya.

Kamfanin ƙarami ne, a hawa na biyu na wani tsohon gini a Winnipeg. Aikinsu auna ruwan kogi, su gaya wa garuruwan bakin ruwa ko ambaliya na tafe in ƙanƙara ta fara narkewa. Pickerel kuwa manhaja ce da Orest ya rubuta da hannunsa tun ana su uku a wurin, ya raɗa mata sunan kifin da ya ce babu wanda ya kai shi iya kamawa. Ba ta da hoto, ba ta da wurin latsawa. Baƙin allo ne kawai, ka rubuta umarni, ta amsa maka da rubutu, ta kwaso maka ma'aunin ruwa daga tashoshi. In aka girka ta, takan rubuta wani ɗan ƙaramin fayil ta ajiye a faifan kwamfutar: sunan mai ita, sassan da aka sa mata, da ranar da aka sa su. Duk sanda aka tashe ta, wannan fayil take fara karantawa don ta san inda ta kwana.

A duniyar nan abu ɗaya Orest yake tinƙaho da shi. Ba ya fahariya da mota, ba ya fahariya da jikoki. Amma ka zauna kusa da shi a wurin cin abinci, kafin ka kai loma ta uku zai gaya maka cewa shekara da shekaru ba a taɓa kawo ƙarar girka Pickerel ba. Gaskiya ya faɗa kuwa, ba a kawowa. Abin da bai sani ba shi ne, ba a girka ta ne sam.

Girkin ba ya yi. A sabuwar kwamfuta sai ta yi duk aikinta tsaf, ta ce an gama, ka sake tashe ta, ta ce ba ta san ka ba, ko kana so a girka? Ka ce e, ta sake yi, ta sake mantawa. Haka za ku yi ta zagaye har ka tsufa. Wani injiniya da ya daɗe da barin wurin ya taɓa kai ƙara. Orest ya gwada a kwamfutarsa, abu ya yi lafiya lau, sai ya zaunar da bawan Allah ya yi masa lacca a kan muhimmancin karanta bayani kafin a buɗe baki. Verne Friesen, shugaban ofishin, yana kallo. Da Orest ya fita shan iska, sai Verne ya lallaɓa ya kwafe ɗan fayil ɗin nan daga kwamfutar Orest, ya zuba a ta injiniyan. Nan take ta tashi.

Daga nan abin ya zama al'ada. Duk sabon ma'aikaci, ranar farko a ba shi makulli, a nuna masa inda zai jona motarsa da wutar lantarki don kada injin ya daskare, sannan a ja shi gefe a ba shi fayil. Yis suke kiransa, saboda yadda masu gasa burodi a gida suke gutsurar tsohon ƙulli su ba maƙwabci. Illarsa ɗaya ce. Tunda fayil ɗin na Orest ne, kowace safiya kowace kwamfuta a ofishin nan sai ta ce, "Barka da dawowa, Orest." Har sun saba, in suka haɗu a matakala sai ka ji, "Ina kwana, Orest." "Lafiya lau, Orest, ya iyali?" Shi kuwa ainihin mai sunan yana can lungu ya ba kowa baya, ba ya zuwa teburin kowa. In kana da matsala kai za ka je. In kuma tsautsayi ya sa ya taso, yatsun mutane sun riga sun haddace maɓallin share allo.

Divina ta san inda cutar take. Ta gano ta tun shekararta ta biyu, kuma abin kunya layi ɗaya ne a rubutun manhajar. Manhajar tana ƙoƙarin ajiye fayil ɗin a cikin wata folda, wato jakar ajiye fayil, amma ba ta ƙirƙirar foldar in babu ita, kuma in ajiyar ta gagara sai ta haɗiye kuskuren ta yi shiru. Shi Orest ya yi foldar da hannu a kwamfutarsa ta farko tun yana gwaji, ya manta, kuma duk kwamfutar da ya canja sai ya kwashi komatsansa kakaf ya koma da su. Ba a taɓa sashen girkin sai da sa hannunsa, don haka dole da baki za a gaya masa. Ta yi niyya, har ta shirya yadda za ta fara. Sai a wannan watan Halyna, matarsa, ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Ya dawo aiki ya rame, ba ya magana da kowa, sai dai ya buɗe Pickerel ya yi ta goge-goge a cikinta. Divina ta ce bari a ɗan jima. Ka san halin bari a ɗan jima.

A ranar Larabar nan Divina ta tsare Verne a kicin yana wanke kofi.

"Ka hana shi mana."

"Ni?" Verne ya waiga ya ga ko akwai wani a bayansa. "Shekara nawa ina shugabansa a takarda, kin taɓa ganin na hana shi wani abu?"

"To a gaban kowa za ta tona mana asiri."

"Mu ce majigi ya lalace."

"Zai gyara shi."

"Mu ce kwamfutar ba ta iso ba."

"Verne, shi ya sa hannu ya karɓe ta."

Verne ya goge hannu a wandonsa. "Ke ce mai kan kwamfuta, Orest. Ki san yadda za ki yi."

"Ka sake kirana da sunan nan ka gani."

Abin da take so bai da yawa. Tsohon nan ya kai ƙarfe biyar na Juma'a da girmansa, ya sauka matakala yana jin ya bar aiki mai kyau a baya. Ranar Litinin, in sa hannu ya dawo wurinta, ta gyara layin shiru, babu wanda ya ji babu wanda ya gani. Tana son mutumin nan duk da baƙin halinsa. Shi ya ɗauke ta aiki lokacin da wasu wurare ko amsa ba sa ba ta, kuma shi ya koya mata tuƙi a kan ƙanƙara a filin ajiye motoci na coci, yana ta masifa tun daga farko har ƙarshe.

Ranar Juma'a da safe ta ce za ta shirya sabuwar kwamfutar, ta sa mata kalmar sirri da sauran tarkace. Ta shige ɗakin taro ta rufe ƙofa. Ta ƙirƙiri foldar nan, fayau babu komai a ciki. Ta gwada girkin gabanta na faɗuwa, don hanya ce da ba a bi ba shekaru, wa ya san abin da ya kwanta a kanta. Ai kuwa ya tafi sumul har ƙarshe. Ta goge fayil ɗin da gwajin ya bari, ta bar folda wayam, ta rufe kwamfutar. Daɗi ya kama ta har tana 'yar waƙa. Ta sa rigar sanyi ta tafi gidan gwaggonta ɗauko tiren taliyar pansit.

Da rana aka haɗa tebura. Akwai pirogi, wato ƙullin fulawa mai dankali a ciki, da soyayyar albasa daga matan cocin Orest, akwai tsiran alade da Verne ya kawo daga ƙauyensu, ga kek an zana masa kifi wanda ya fi kama da takalmi. Aka ci aka sha. Sannan Orest ya goge baki, ya zauna gaban sabuwar kwamfutar, ya sa tabarau, ya miƙe yatsu suka yi ƙas ƙas.

"Ku lura," in ji shi. "Wannan kwamfutar ba ta san ni ba, ban san ta ba. Umarni ɗaya zan ba ta."

Ya rubuta. Ya danna. Babban allo ya amsa da manyan baƙaƙe, yadda ko na bayan ɗaki zai karanta:

"Barka da dawowa, Orest. An riga an girka ni."

Ƙarƙashinsa ga kwanan wata na wata shekara da ko kamfanin da ya ƙera kwamfutar bai yi mafarkinta ba.

Divina ta ji kunnuwanta sun ɗau zafi. Ta juya a hankali tana bin fuskoki, sai ta ga Harjit, injiniyan ruwa, mutumin kirki wanda ya san kogi ciki da bai amma bai san kwamfuta ba sai abin da aka nuna masa. Yana murmushi har kunne, ya ɗaga mata babban yatsa a ɓoye. Ashe da ta fita ɗauko taliya, shi ma tausayin tsohon ya kama shi, ya lallaɓa ɗakin taro ya zuba yis.

"Ta yi ai," Harjit ya ce da ƙarfi, ya fara tafi. Babu wanda ya taya shi.

Orest ya daɗe yana kallon allon. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Sannan ya tashi, ya nufi teburin da ya fi kusa. Ya sunkuya ya rubuta umarni. Barka da dawowa, Orest. Ya matsa na gaba. Barka da dawowa, Orest. Haka ya bi ofishin tebur tebur, jama'a na biye da shi da faranti a hannu kamar masu raka gawa, kowace kwamfuta tana yi masa maraba da murnarta. Har ta matar da ke biyan albashi, wadda ba ta da abin yi da Pickerel, ita ma ta gaishe shi.

Ya dawo ɗakin taro ya zauna.

"Wane ne bai zama ni ba a nan?"

Babu wanda ya ɗaga hannu.

"Verne?"

"Ni na fara," in ji Verne, yana kallon kek.

"Ai na sani. Aikin ya yi kama da naka." Ya juya ga kwamfutar, ya goge fayil ɗin. Ya tsaya yana duban foldar. "Wannan kuma wa ya yi ta?"

"Ni ce," in ji Divina.

"To." Ya goge ta ita ma. Ya ba da umarni. Manhajar ta tambayi suna, ya rubuta, ta yi aikinta, ta ce an gama. Ya sake tashe ta. Ta ce ba ta san shi ba, ko yana so a girka? Ya sake. Ta sake mantawa da shi. Wani daga baya ya fara dariya, ya mai da ita tari.

Bai nemi taimako ba, kuma bai buƙata ba. Ya buɗe cikin manhajar, ya gangara, ya tsaya daidai kan layin. Divina ta ga wuyansa ya yi ja.

"Tun yaushe kika sani?"

Ta gaya masa shekarar. Ta ga ya yi lissafi a zuci, ta ga ya gane wace shekara ce.

"Ku ba mu wuri," ya ce wa sauran. "Ku tafi da kek ɗinku. Harjit, kai ka fara fita."

Da ƙofa ta rufu, ya jingina da kujera.

"Kuskuren bai dame ni ba," in ji shi. "Wa bai taɓa manta folda ba? Abin da ya yi mini ciwo, Divina, duk shekarun nan ina zaune a lungun can ina cika baki, ku kuna gyaɗa mini kai. Kun mai da ni tsohon da ake ɓoye wa makullin mota."

"Ba raini ba ne."

"To mene ne? Tsoro?"

"Da farko tsoro. Ka manta abin da ka yi wa wancan injiniyan? Daga baya kuma tausayi."

"Gara tsoron."

"Na sani," ta ce, idonta ya kawo ruwa, haushin kanta ya kama ta. "Na yi kuskure. Amma kai ma ba ka da sauƙin gaya wa gaskiya, kada ka yi kamar ba ka sani ba."

Ya buɗe baki zai musa, ya fasa. Ya sosa gemu. "Halyna ma haka take cewa," in ji shi. "Ita dai ba ta taɓa fasa gaya mini ba."

Ya ja kwamfutar gabansa ya ce bari ya wanke kashinsa da hannunsa kafin ya tafi. Ya rubuta gyaran, bai kai tsawon yatsa ba. Ya tura shi zuwa ma'ajiyar kamfani. Ta ce ba ta yarda da kalmar sirrinsa ba. Ya sake, a hankali, harafi harafi. Ta ƙi.

Ya miƙe ya buɗe ƙofa. "Verne!"

Verne ya leƙo da cokali a baki. "Ƙarfe sha biyu na rana ake yanke wa mai barin aiki hanya. Doka ce."

"Wane sakarai ya kafa wannan doka?"

"Kai."

Orest ya rufe ƙofar a fuskarsa. Ya tsaya jim, kafaɗunsa suka fara rawa, Divina ta ɗauka kuka ne, ashe dariya ce ta ci ƙarfinsa. Ya zauna yana share ido da bayan hannu.

"To, ranki ya daɗe," ya ce. "Sa hannu ya koma wurinki. Ina da ɗan gyara, in za ki duba mini."

"Ka karanta bayani kafin ka kawo ƙara?"

"Kada ki wuce gona da iri."

Ta ɗauko kwamfutarta, ya karanto mata, ta rubuta. Ta ce masa gara kuma a hana manhajar haɗiye kuskure, in ta kasa ajiya ta faɗa da babbar murya. Ya ce ai shi ma abin da zai ce ke nan. Ta ce ta sani. Ta tura gyaran, ya shiga da sunanta. Ta fara rufe kwamfutar, ya ɗora hannu a kai.

"Ina za ki? Ba mu gwada ba."

"Ga sabuwar can."

"A'a. A taki za a gwada. Goge fayil ɗina da ke kanta."

Nan fa ta tsaya. Abin dariya ne, ita ma ta san abin dariya ne, ɗan fayil ne da bai kai komai ba, kuma akwai kwafinsa a kowane tebur. Amma tun ranar da ta fara aiki, da shi take tashi kowace safiya, kuma daga Litinin lungun can zai zama babu kowa. Ta rubuta umarnin gogewa, yatsanta ya tsaya a kan maɓalli.

"Ko in bar shi zuwa Litinin?"

"Ke da Litinin ɗinki. Ba zan sauka matakalar nan ba sai na ga kin goge. Kuma ina da kifi da ke jirana."

Ta danna. Ta goge foldar ita ma. Ta tashi Pickerel, manhajar ta ce ba ta san ta ba, ko tana so a girka? Ta ce e. Manhajar ta tambayi suna, Divina ta rubuta. Rubutu ya yi ta gangarowa, ya tsaya, aka ce an gama. Orest ya matso da kujera har kafaɗarsa na taɓa tata.

"Sake tashe ta," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa.

Ta sake. Allon ya ce, "Barka da dawowa, Divina."

Orest ya karanta, ya sake karantawa. Ya gyaɗa kai, ya dafa tebur ya miƙe, ya miƙa mata hannu kamar yau suka fara haɗuwa.

"To, madalla," in ji shi. "Yau kika fara aiki a nan. Ki yi ƙoƙari, mutanen wurin maƙaryata ne amma suna da kirki."

Ta riƙe hannun da hannu biyu. Shi ma bai yi saurin janyewa ba.